Malam Ibrahim Shugaban Isawa: Malamin Kano da Ya Zama Alama ga Kiristocin Hausa

Ƙofar Mazugal na cikin tsofaffin ƙofofin birnin Kano. Littafin Tarihin Kano ya lissafa ta cikin ƙofofi takwas na ganuwar farko da aka soma ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, kuma masu bayanin sunayen ƙofofi kan danganta sunanta da zugar wutar maƙeran da suka zauna a gindin Dala tun zamanin da. Tana fuskantar arewa, saboda haka a ƙarni na 19 tana cikin mashigan ayarin da ke fitowa daga Agadas da Gadamas da Tarabulus. Wanda ya shigo ta nan, ya bar Dutsen Dala a hannunsa na dama, tafiya kaɗan zai yi ya tarar da kansa a Kasuwar Kurmi. A cikin wannan kasuwa ne, wajen shekarar 1867, aka tsire wani malami mai suna Ibrahim a bainar jama'a, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Laifinsa, kamar yadda zuriyar almajiransa suka riƙe, shi ne matsayin da ya ba Annabi Isa (AS) a karatunsa da wa'azinsa.

Malam Ibrahim bai taɓa shiga coci ba, ba a kuma yi masa baftisma ba, domin a zamaninsa babu coci ko ɗan mishan a ƙasar Kano. A zauren karatu ya yi rayuwarsa, da Alƙur'ani a gabansa. Amma bayan shekara hamsin da kashe shi sai ga sunansa a bakin Kiristocin Zariya a matsayin mafarin tarihinsu, har ana ɗaukarsa shahidin Almasihu na farko a ƙasar Hausa. Tsakanin malamin da aka tsire a Kurmi da wannan shahidi akwai tazara, kuma mai son sanin mutumin sai ya fara sanin yadda aka yi tazarar ta samu.

Garin da ya yi karatu

Kanon da Malam Ibrahim ya yi suna a cikinta gari ne da ya shekara kusan hamsin a hannun masu jihadi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a unguwar Dala a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, adadin kuma kan ninka da rani idan fatake sun cika gari. A wannan sashe na birni Larabawan Gadamas da Tarabulus suke da gidajensu, kuma su ake kira Turawa a wancan lokaci, shi ya sa har yau akwai unguwar Dandalin Turawa, sunan da ya girmi zuwan Ingilishi nesa ba kusa ba. Raƙuman da ke kawo alharini da takarda su ne ke kawo littattafai, su kuma kawo labarin abin da ake faɗa a Masar da Makka.

Hanyar zama malami a wannan gari sananniya ce. Yaro zai fara da allo har ya sauke, sannan ya shiga littattafan ilimi, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala, mai nisan zango ya kai Muhtasar. Tare da fiƙihu akwai lugga da nahawu da madahu, akwai Ashafa ta Alƙali Iyal, a ƙarshe kuma tafsiri, wanda galibi Jalalaini ake nufi. Ruwayar Isawa ta ce Malam Ibrahim ya kai matsayin malamin da fada ta sani take kuma girmamawa. Ke nan mutum ne da ya ratsa wannan hanya har ƙarshenta, wanda Larabci bai zame masa baƙo ba, wanda kuma ya san sarai abin da malamai suka yi ittifaƙi a kansa kafin ya saɓa musu.

Isa a zauren malamai

Babu malamin Kano da Annabi Isa ya zame wa baƙo. An ambaci sunansa sau 25 a Alƙur'ani, mahaifiyarsa Maryamu kuwa ita kaɗai ce macen da aka kira da sunanta a Littafin, har da sura guda da ke ɗauke da sunan. Suratul Ali Imrana da Suratu Maryam sun kawo haihuwarsa ba tare da uba ba, da maganarsa yana jariri, da warkar da makaho da kuturu da tayar da matacce da izinin Allah. Suratun Nisa'i ta siffanta shi da kalmar Allah da ruhi daga gare Shi, ta kuma kore cewa an kashe shi ko an gicciye shi, ta tabbatar da cewa ɗauke shi aka yi. Hadisan Buhari da Muslim sun ƙara da saukowarsa a ƙarshen zamani, inda zai kashe Dujal ya shimfiɗa adalci. A littattafan tsarkake zuciya kuma, musamman Ihya'u na Imamu Gazali, Isa ne abin misali wajen zuhudu, annabin da ba shi da gida ba shi da tanadin gobe. Ibnul Arabi ya wuce nan, ya ɗauke shi malaminsa na farko a tafarkin Allah, ya kuma ba shi matsayin cikamakin walittaka ta gaba ɗaya.

Duk wannan malamai sun san shi, suna kuma karanta shi tare da ayoyin da suka yi masa iyaka, wato na Suratul Ma'ida da suka kore masa allantaka, da ta Suratus Saffi inda shi da kansa ya yi bushara da manzon da zai zo bayansa. Abin da ya bambanta Malam Ibrahim shi ne inda nauyin karatun ya rinjaya a zuciyarsa. Ga annabi wanda bai mutu ba, wanda yake raye a wurin Ubangijinsa a daidai lokacin da malamin yake karanta labarinsa, wanda kuma zai dawo ya gyara duniya. Da alama daga nan tambaya ta fara cinsa, ta ƙi barinsa, har ta zama yaƙini.

Domin a gane girman wannan sauyi sai a tuna yadda Bahaushe Musulmi yake gina rayuwarsa ta baɗini. Ba da hujjojin tauhidi kaɗai yake gina ta ba, yana gina ta da bege. Begen Annabi Muhammadu (SAW) shi ne ruwan da ibadar jama'a take sha: Ishiriniya da dare, Dala'ilu da safe, waƙoƙin madahu na Fulatanci da Hausa da masu jihadi suka bari, da fatan samun ceto ranar tsayuwa. Ƙarƙashin wannan kuma akwai waliyyai, Baƙadire yana kiran Sidi Abdulƙadir, Batijjane yana kiran Shehu Tijjani. Mutum yana girma a ruhi ne ta hanyar kafa idon zuciyarsa a kan wani bawan Allah, yana ambatonsa, yana koyi da halinsa, har halin ya fara bayyana a jikinsa. Malam Ibrahim bai fita daga wannan tsari ba. Begen ne ya juya zuwa ga Isa, ya mai da shi madogara da abin jira. Sunan da aka ba mabiyansa ma ya nuna haka, domin Isawa gini ɗaya ne da Ƙadirawa da Tijjanawa, wato mutanen wane. Sunan da suka fi so su kira kansu da shi kuwa, Bani Isra'ila, daga Alƙur'ani suka ɗauko shi, tun da Isa ga Bani Isra'ila aka aiko shi, su kuma suna ganin su ne jama'arsa.

Akwai wata ruwaya da ke cewa wani ɗan kasuwa daga arewa ne ya kawo wa malamin Linjila da Larabci. Abin ba ya cikin abubuwan da ba za su yiwu ba, domin an buga sabuwar fassarar Sabon Alkawari da Larabci a Bairut a 1860, ayari kuma bai daina zuwa ba. Linjilar Matiyu ta Hausa da J. F. Schön ya buga a 1857 da taimakon Dorugu ba ta cikin lissafi, saboda da haruffan boko aka yi ta, waɗanda malaman Kano ba su karantawa a lokacin. Sai dai koyarwar da aka san Isawa da ita ba ta buƙatar wannan bayani. Duk tubalin da aka gina ta da shi yana cikin Alƙur'ani da hadisi da littattafan zuhudu. Abin da ya zama ginshiƙin Linjila kuwa, wato mutuwar Almasihu a kan gicciye da tashinsa, shi ne abin da Isawa suka ji a matsayin sabon labari sa'ad da suka haɗu da 'yan mishan. Ruwayar ɗan kasuwa ta fi kama da gadar da jikoki Kiristoci suka gina daga baya domin su isa ga kakansu.

Tsakuwa da Ningi

Jiran Isa a ƙarni na 19 ba maganar zaure kaɗai ba ce. Mutane suna lissafin shekaru, suna hangen shekarar 1300 ta Hijira, wadda ta zo daidai da 1882 zuwa 1883, suna tsammanin bayyanar Mahadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa sai da ya yi rubutu yana kore cewa shi ne Mahadin, yana gargaɗin jama'a game da masu da'awar. Bayan rasuwarsa sarakunan Daular Sakkwato sun sha fama da talakawa da malamai masu tattara nasu ya nasu su nufi gabas domin tarbar Mahadi. A cikin wannan lissafi, bayan Mahadi sai Dujal, bayan Dujal sai Isa. Saboda haka wanda ya ce lokacin Isa ya yi kusa, a kunnen fada cewa ya yi zamani ya ɓaci, kuma masu mulkin yanzu suna cikin ɓacin. Ko bayan zuwan Turawa ma'anar ba ta sauya ba: a tawayen Satiru na 1906, ɗan malamin da ya yi da'awar Mahadi sunansa Isa, mabiya kuma suka ɗauke shi a matsayin Isan da ake jira.

Kano tana da nata dalilin tsoro na musamman. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza, a garin Tsakuwa kudu da birni, ya jagoranci wasu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suna cewa shari'a ba ta ɗora wa Musulmi shi ba. Da abin ya yi zafi sai suka yi hijira zuwa duwatsun Ningi, suka zauna cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu, suka haɗa kansu suka kafa mulki. Kafin a jima Ningi ta zama ƙaya a ƙafar Kano da Bauchi da Zazzau. A zamanin Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, mayaƙan Ningi ƙarƙashin Ɗan Maje suna kai hari kudancin ƙasar Kano suna kwasar mutane, Sarki kuma ya sha fita da kansa domin yaƙarsu. Masanin tarihi Ian Linden, a babin da ya rubuta cikin littafin da Elizabeth Isichei ta tace a 1982 kan Kiristanci a Nijeriya, daga wannan shekara ta 1846 ya fara lissafin tarihin Bani Isra'ila, ya kuma ajiye su a tsakanin addinai biyu ma'abota littafi. Wannan karatu nasa ya fi na 'yan mishan riƙe ƙasa, domin ya mayar da Malam Ibrahim cikin sahun malaman da suka ga jihadi ya koma sarauta suka ƙi yin shiru.

Sarki Abdullahi ba mai sanyin hannu ba ne. Ya shekara 27 yana mulki, ya tuɓe masu sarauta da dama, ya tattara iko a fada. Sarkin da ya ga abin da malamai masu ƙorafi suka zama a Ningi cikin shekara ashirin ba zai yi wasa da malami a cikin birninsa mai tara almajirai da sunan wanda zai zo ya kawar da zalunci ba.

Kasuwar Kurmi

Ruwayar Isawa ta ce an kira malamin fada, aka nemi ya janye abin da yake koyarwa, ya ƙi. Wannan ya dace da tsarin fiƙihun Malikiyya, domin Risala ta tanadi a ba wanda ake tuhuma da ridda kwana uku ya tuba. Ta kuma ce ya san abin da zai biyo baya, har ya umarci mutanensa su bar gari tun kafin a zartar da hukunci. Daga nan aka kai shi Kurmi aka tsire shi.

Yadda aka kashe shi abin lura ne. Littattafan fiƙihu takobi suka sani ga mai ridda. Tsirewa hukuncin sarauta ne, irin wanda ake yi wa ɗan fashi da ɗan tawaye, ana yinsa a kasuwa domin kowa ya gani ya kai labari garinsu. Kurmi kuwa, tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta a ƙarni na 15, ita ce wurin da labari ke tashi ya bi fatake har Gwanja da Barno. Zaɓen wannan hukunci a wannan wuri yana nuna cewa fada ta ga siyasa a cikin al'amarin, ko da da sunan aƙida aka yi tuhumar.

A ɓangaren malamin kuma, kwanakin da aka ba shi ya janye su ne ma'aunin abin da ya taru a zuciyarsa. Malamin da ya karanta fiƙihu ya san akwai rangwame ga wanda aka tilasta, ya san zai iya furta abin da ake so ya koma gida ya ci gaba da abin da ke ransa, kamar yadda masu ra'ayoyi da yawa suka yi a garuruwa da yawa suka mutu a kan shimfiɗarsu. Bai ɗauki wannan ƙofa ba. Ko mutum ya yarda da karatunsa ko ya ga ɓata ne, ba zai ce abin a leɓe ya tsaya ba.

Daga Ningi zuwa Gimi

Almajiran suka watse. Wasu suka nufi Ningi, inda hannun Kano bai kai ba, wasu suka bazu a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, suna noma suna karatunsu, suna auratayya a tsakaninsu. Ruwaya ta ambaci wani almajiri mai suna Yahaya a matsayin wanda ya riƙe jama'ar bayan malaminsu. Ita ce kuma ta adana wasiyyar da daga baya ta zama mabuɗin komai, cewa wasu mutane za su zo da littafin da ke ɗauke da cikakken labarin Isa.

A 1900 ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS, su biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, suka iso Kano. Sarki Aliyu Babba ya ƙi ba su wurin zama, ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, wanda Zagezagi suka sani da Likita Mila. Shi ne ya dage har ya sami zama a cikin birnin Zariya a 1905. Ya yi shekaru yana magani yana koyar da boko, waɗanda suka karɓi addininsa kuwa ana ƙirga su da yatsu. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka iso wurinsa suka ba shi labarin Malam Ibrahim da wasiyyarsa.

Ba wuya a gane yadda labarin ya faɗa a kunnen mutumin da ya shekara goma sha uku yana shuka a kan fako. Aka nema musu fili a Gimi cikin ƙasar Zazzau, aka kafa ƙauyen Kirista da makaranta, wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Zaman bai yi tsawo ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, cikin 'yan shekaru aka tashi. Ragowar suka koma Zariya, yaransu suka shiga makarantar Miller, sannan suka bi mishan zuwa Wusasa a 1929. Daga wannan zuriya Malam Bulus Audu ya fito, mahaifin Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya kuma ministan harkokin waje.

Yadda aka mai da shi alama

Kiristanci addini ne da ya saba karanta rayuwar mutum ɗaya da hasken rayuwar wani. Sura ta 11 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa jerin sunayen magabata ce, kowanne an kawo shi a matsayin misalin bangaskiya, kuma tun ƙarnonin farko ikkilisiya take tara labaran shahidai tana karanta su ga masu bi domin su ga siffar Almasihu a jikin mutane irinsu. Girma a ruhu, a wannan fahimta, koyi ne da Almasihu, tsarkaka kuwa tsani ne da ke kusanto da abin koyin. Miller ya fito daga ɓangaren Furotesta masu wa'azin bishara, waɗanda ba su roƙon tsarkaka, amma su ma ba su iya rayuwa ba tare da labarin jarumawan bangaskiya ba. Da labarin Malam Ibrahim ya shiga hannunsa, ya kuma shiga littafin da ya rubuta kan aikinsa a 1936, guraben da za a saka shi suna nan a shirye.

Mai karanta littafi shi kaɗai yana neman wanda zai fassara masa ya yi kama da Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni sura ta 8, da aka tarar yana karanta Ishaya a cikin karusarsa. Mai shelar wanda ke zuwa, da aka kashe bisa umarnin sarki, ya yi kama da Yahaya Maibaftisma. Wanda aka gurfanar gaban manya ya ƙi janyewa ya yi kama da Istifanas. Hatta sunayen sun taimaka, domin ga Ibrahim wanda zuriyarsa ta bar gari ta zama baƙuwa, ga kuma Yahaya a bayansa. Rashin baftisma bai hana ba, tun da tsohuwar ikkilisiya ta daɗe da ɗaukar jinin shahidi a madadin ruwan baftisma.

Abin da ya fi duka ƙarfi shi ne itacen. Ga Kirista, mutumin da aka kafe a kan itace a tsakiyar jama'a saboda sunan Isa ba ya buƙatar sharhi, hoton gicciye ne. A nan ne kuma alamar ta fi nisa da mai ita, domin littafin da Malam Ibrahim ya rayu a kansa cewa ya yi ba a gicciye Isa ba. Isan da ya mutu yana bege annabi ne da Allah ya kuɓutar daga hannun maƙiya, rayayye mai dawowa da nasara. Idan akwai abin da ya ƙarfafa shi a Kurmi, ya fi kusa da zama wannan dawowar da hisabin da za ta zo da shi. Jikokinsa ne suka dubi mutuwarsa suka ga gicciye a cikinta, bayan sun koyi gicciyen a Gimi.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin ƙage ba, domin buƙatar da ta haife shi ta gaske ce. Bahaushen da ya zama Kirista a farkon ƙarni na 20 yana zaune ne cikin jama'ar da ke ganin Hausa da Musulunci abu ɗaya ne, Kiristanci kuwa addinin Nasara da mutanen kudu mazauna Sabon Gari. Gwamnatin mulkin mallaka ma, saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna na barin addini yadda ta same shi, tana taƙaita aikin mishan a cikin masarautu, abin da Miller ya yi ta jayayya da ita a kai har tsufansa. A irin wannan hali, malamin birnin Kano, masanin Larabci, wanda ya mutu saboda Isa shekara 36 kafin sojojin Lugga su shiga garin a 1903, ya ba wannan ƙaramar jama'a abin da ta fi rasa, wato asali. Da shi suke iya cewa ba Bature ne ya fara kawo musu maganar ba. Ga Miller kuma hujja ce a kan jami'an gwamnati masu cewa Musulmin arewa ba su da sha'awar abin da ya kawo.

Sai dai kowace alama tana da abin da take zubarwa. A hoton shahidin, malamin fiƙihu ya dusashe, mai ƙorafi kan zaluncin sarauta ya ɓace, alaƙarsa da Tsakuwa da Ningi da lissafin shekarun Mahadi ta zama ƙaramin bayani a gefe. Tauhidinsa ma, wanda babu dalilin zaton ya bar shi, an rufe shi da aƙidar da bai taɓa karantawa ba. Su ma littattafan fada ba su riƙe shi ba, labarinsa ta bakin waɗanda suka gudu ya tsira, sannan ta alƙalamin waɗanda suka karɓe su. Mai nazarin Hausa da ya ɗauki labarin yau yana karɓarsa ne bayan ya ratsa harsuna uku, Larabcin da malamin ya yi tunani da shi, Hausar da almajirai suka adana shi da ita, da Ingilishin da aka fara rubuta shi da shi.

Ba dukkan Isawa ne suka je Gimi ba. Wasu sun saurari 'yan mishan suka ga Isan da ake ba su labari ba shi ne wanda suke jira ba, suka zauna a ƙauyukansu da Alƙur'aninsu, wasu kuma a hankali suka narke cikin sauran Musulmi. Waɗanda suka shiga ikkilisiya kuwa sun tarar da wani sauyi da ba su zata ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Miller ya fi kowa aiki a kansa, ya riƙe sunan Allah, ya riƙe Ibrahim da Musa da Dawuda da Maryamu kamar yadda Bahaushe ya san su, amma da ya zo kan wanda aka tsire malaminsu saboda shi sai ya rubuta Yesu. Da wannan suna 'ya'yan Gimi suka yi addu'a a cocin Wusasa, wanda magina Hausawa suka gina da tubali da bakan gizo irin na soron sarakuna. Sunan Isawa kuma ya zauna a kan waɗanda ba su zo ba.